Babban Kare a Gida: Me Za a Ba Shi, Kuma Nawa Zai Ishe Shi?

Wanda ya ƙetare Kogin Kaduna ya shiga Barnawa, Narayi, Sabon Tasha ko Unguwar Romi zai ga ƙofofi da yawa ɗauke da gargaɗin cewa akwai kare a ciki. Rashin tsaro ne ya sa mutane suka rungumi manyan karnukan waje, irin su Alsheshan na Jamus, Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu. Sayen kare abu ne na rana ɗaya, ciyar da shi kuwa na kullum ne. Tun da aka cire tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi a 2023, abincin buhu da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin mai albashi, sai aka koma ga ƙanzo da ragowar tuwon dare.

A nan ake cutar da dabbar ba da gangan ba. Karen unguwa ƙarami ne, yana yawo yana ƙarawa da abin da ya tsinta. Namijin Alsheshan kuwa yakan kai kilo 30 zuwa 40, yana kulle a keji, ba shi da komai sai abin da aka zuba masa. Lissafin likitocin dabbobi ya nuna cewa baligin kare mai kilo 35 yana buƙatar kalori kusan 1,600 a yini. A busasshen abincin buhu, wannan ya kama giram 400 zuwa 450, wato buhu mai kilo 15 zai yi wata ɗaya da 'yan kwanaki. Da wannan za a auna tsadar buhu, ba da kuɗin da ke rubuce a jikinsa ba. Mai rahusar da aka cika da dusa sai an zuba da yawa kafin kare ya ƙoshi, da yawansa kuma kashi yake zama. A duba bayan buhun: sinadarin gina jiki kada ya gaza kashi 18 cikin 100 ga babba, ɗan kwikwiyo kuma kashi 22 ko fiye.

A ganina, mafita ga yawancin gidaje ita ce tukunyar kare ta daban. Kusan rabinta ya zama masara, dawa ko tsakin shinkafa da aka dafa ya yi laushi. Sulusi ya zama nama: tumbi, huhu da naman kai daga kwata, ko kan kifi da ƙwai. Wanda ya saba da mahauci a Kasuwar Monday ta Kakuri ko kasuwar Sabon Tasha zai samu waɗannan da sauƙi. Sauran a cike da kabewa, karas ko dankali, a ɗiga ɗan mai. Waken suya yana taimakawa, amma sai ya dahu sosai, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Hanta kaɗan ake sawa. Garin ɓawon ƙwai yana ba baligin kare sinadarin ƙarfafa ƙashi, amma kada a ɗura wa kwikwiyon babban jinsi, domin yawansa yana lalata gaɓoɓinsa. Da yake dafaffen abinci ruwa ne mafi yawansa, kare mai kilo 35 zai ci fiye da kilo ɗaya a yini.

Abin da ya fi damuna shi ne masarar da ta yi fumfuna. Idan hatsi ya lalace a damina, sai ka ji an ce a dafa wa kare. Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da dafin afalatoksin mai cin hanta, wuta ba ta kashe shi, kare kuma ba ya jure masa. A Amurka, a 2005, gurɓatacciyar masara a abincin kamfani ta hallaka karnuka da dama. Miyar gidanmu ma ba tasa ba ce, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, ga gishiri da yaji. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake ya soke hanji.

A raba abincin gida biyu, safe da yamma. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya kumbura ya murɗe idan sun haɗiye tuli a lokaci guda, wannan kuma yana kisa cikin sa'o'i. Masu cewa yunwa ce ke sa kare zafi sun yi kuskure, rama kawai take sa shi. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, balle a zafin Maris da Afrilu.

Ma'aunin da ya fi kowane lissafi yana hannunka. Shafa gefen ƙirjinsa: idan ka ji haƙarƙari ƙarƙashin ɗan siririn nama, abincin ya yi daidai. Idan sai ka danna kafin ka ji, a rage. Idan ana ƙirga su daga nesa, a ƙara, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi ya duba tsutsar ciki da kaska. Mai shirin sayen kwikwiyo ya fara lissafa abincin shekara goma. Idan aljihu ba zai ɗauka ba, karen gida ma yana gadi, kuma cinsa bai kai na babban karen waje ba.