Karatun lissafi da fizik a jami'a: abin da ya kamata iyaye su sani

Firarmu ta yau daga Kore Mairuwa ta taso, cikin ƙasar Arewa, bisa babbar hanyar da ta fito Doso ta nufi Dogondutsi.

Wata rana bayan mun tashi daga aji, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya har kowa ya watse. Ya ce mini: "Malam, yarona ya ci bak, ya ce zai tafi Yamai ya yi karatun lissafi da fizik. In likita ne na san aikinsa, in soja ne na san aikinsa. Wannan fa, mai yinsa me yake zama? Rago biyu gare ni da zan sayar saboda tafiyar, ina son in san inda kuɗina za su."

Na ce masa: "Baba, tambayarka tana bisa hanya, kuma ba kai kaɗai ke da ita ba." Amsar da na ba shi ita ce zan maimaita muku yau, da ɗan ƙari.

Mene ne fizik?

Fizik shi ne ilimin yadda abubuwan duniya ke gudana: motsi, nauyi, zafi, haske, ƙara, da lantarki. Me ya sa dutse ke faɗuwa ƙasa? Me ya sa muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa? Irin tambayoyin da masu fizik ke yi ke nan. Masu wannan ilimi kashi biyu ne. Akwai masu gwaji, waɗanda ke aiki da na'urori suna awo. Akwai kuma masu alƙalami, waɗanda ke ɗaukar abin da aka auna su mai da shi ƙa'idar lissafi, don a san abin da zai faru tun bai faru ba. Aikin kashi na biyun shi ake kira fizik ta hanyar lissafi, kuma shi ne yaron dattijon nan ke so.

Ga misali daga bakin rijiya. Kun san rijiyoyinmu ba zurfinsu ɗaya ba: na cikin kwarin Dallol Mauri ruwansu kusa yake, na kan tudu kuwa sai an yi doguwar igiya. To, ana iya sanin zurfin rijiya ba tare da igiya ba. Ka saki ɗan tsakuwa mai tsabta, ka duba agogo ka ga sakan nawa ya yi kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ka riɓa yawan sakan ɗin da kansa, abin da ka samu ka riɓa shi da 5. In sakan 1 ne, zurfin wajen mita 5 ne. In sakan 2 ne, 2 sau 2 ya ba da 4, 4 sau 5 ya ba da mita 20. In sakan 3 ne, mita 45.

Ku lura, lokacin ya ninka sau biyu, amma zurfin ya ninka sau huɗu, don kuwa abin da ke faɗuwa ƙara sauri yake yi. Wani masanin ƙasar Italiya mai suna Galile ya gano wannan ƙa'ida wajen shekara 400 da suka wuce. A shekarar 1687 Niyuton na ƙasar Ingila ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo tsakuwa cikin rijiya shi ne ke riƙe da wata yana kewaya duniya. Ƙa'idar da ta yi aiki a rijiyar Kore Mairuwa ita ce ke aiki a rijiyar Tibiri, ita ce kuma ke aiki a sararin sama. Duk ɗalibin ajinmu da ya iya riɓawa, yau ya taka matakin farko na wannan ilimi.

Rediyon da ke hannunku

Wani zai ce: to, bayan rijiya sai me? Akwatin rediyon da kuke jin muryata da shi ya isa amsa. Wajen shekarar 1865 wani masani mai suna Makswel, mutumin Sikotlan, ya tattara abin da aka sani game da lantarki da maganaɗisu ya rubuta shi cikin ƙa'idojin lissafi. Lissafin ya nuna masa cewa akwai wasu igiyoyi da ido ba ya gani, masu tafiya da saurin haske, wato kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya. Har ya rasu a 1879 ba wanda ya kama su. Sai a 1887 wani Bajamushe mai suna Hertz ya haɗa na'ura ya same su, daidai yadda lissafi ya faɗa. Da waɗannan igiyoyi rediyo da talabijin da wayar salula ke aiki. In kun duba fuskar rediyonku za ku ga an rubuta kHz ko MHz. Haruffan Hz ɗin nan sunan Hertz ne aka taƙaita.

Wannan ilimi kuma ba na Turawa ne kaɗai ba. Kalmar aljabara daga littafin Alhawarizmi ta fito, wanda ya yi zamani a Bagadaza fiye da shekara 1,100 da suka wuce. Ibnul Haisam ya yi rubutu kan haske da gani a birnin Alƙahira wajen shekara 1,000 da suka wuce. A ƙasar Hausa ma an yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ɗan ƙasa da ya bi wannan hanya

Jami'ar Yamai da yaron ke son zuwa, sunan masanin fizik take ɗauke da shi. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Senegal da Faransa, inda ya ci babbar jarabawar malaman fizik a 1956. Ya ƙware kan ƙarfin hasken rana, ya yi aiki a Bamako ta ƙasar Mali, sa'an nan a 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana. A nan aka ƙera tukunyar dafa abinci da rana, da na'urar ɗumama ruwa, da injin da zafin rana ke juyawa. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Mu masu yaƙi da jahilci muna da wani dalili na tunawa da shi: cikin littafin da ya buga a 1964 kan ilimi a Afirka, ya nemi a riƙa koyar da yara cikin harsunansu na gida.

Abin da ya hanga yau muna ganinsa da ido. A 2018 an buɗe tashar lantarki mai aiki da rana a Malbaza, a 2023 aka kammala wata mafi girma a Goru Banda kusa da Yamai. Masu lambu a Arewa da yawa da faifan rana suke jan ruwa. Kafin a kafa famfo sai wani ya yi lissafi: zurfin rijiya mita nawa, tano nawa ake so a wuni, faifai nawa za su isa. In lissafin ya kuskure, manomi ya sayi faifai fiye da buƙata ya yi asarar kuɗi, ko ya sayi ƙasa da buƙata dankalinsa ya bushe.

Hanyar da yaro ke bi

Karatun yana da tsawo, kada a ɓoye muku. Shekara 6 a firamare, shekara 4 a kwaleji har jarabawar BEPC, shekara 3 a lise har bak. A lise ake rarraba ɗalibai, kuma sashen C shi ne na masu ƙarfi a lissafi da fizik. A jami'a digiri na farko, wanda ake kira lisans, shekara 3 ne. Mai son ci gaba zai ƙara shekara 2 na masta, bayansa wajen shekara 3 na dokta. Jami'ar Abdu Mumuni tana da tsangayar kimiyya da fasaha mai sashen lissafi da sashen fizik, haka ma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kimiyya. A Najeriya, kamar a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello ta Zariya, digirin shekara 4 ne, kuma da Ingilishi ake karatu.

Me ake koya cikin shekarun nan? Da farko ana zurfafa aljabara, ana kuma koyon lissafin canji. Ga abin da ake nufi da shi. Ku cika tano da ruwa ku huda gindinsa. Da fari ruwan zai fito da ƙarfi, yana raguwa ƙarfin fitarsa na raguwa. In an tambaye ku yaushe tanon zai ƙare, rabawar da muke yi a aji ba za ta isa ba, tunda saurin yana sakewa kowane lokaci. Lissafin canji shi ke bin abin da ke sakewa irin haka. Da shi ake lissafin yadda tabki ke ƙafewa, da yadda zafi ke ratsa bangon ɗaki, da yadda iska ke kora gajimare. Daga nan ɗalibi zai shiga ƙa'idojin motsi, da zafi, da lantarki da maganaɗisu na Makswel. Wajen ƙarshe zai kai ga ilimin ƙwayar zarra, wato ƙananan abubuwan da kome ya ginu da su, wanda shi ke bayyana yadda faifan rana ke mai da haske lantarki. Ana kuma koya masa sa kwamfuta ta yi lissafin da ya fi ƙarfin hannu.

Mai yinsa me yake zama?

Nan ne zuciyar tambayar dattijo. Gaskiya ita ce lisans na lissafi da fizik ba ya ba mutum ofis kai tsaye kamar karatun likita. Tushe ne da ake ɗora gini bisansa. Wasu suna zama malaman lise da kwaleji, kuma makarantunmu na karkara suna da ƙishirwar malaman lissafi da fizik. Wasu suna ƙara karatun injiniya su shiga aikin lantarki, ko na waya, ko na ma'adinai kamar na yuraniyom a Arlit, ko matatar mai ta Damagaram da ta fara aiki a 2011. Wasu suna shiga aikin hasashen yanayi. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban farin shekarun nan, tana bin sawun damina a ƙasashen Sahel, kuma hasashen ruwan sama lissafi ne da fizik. Masu son bincike zalla suna da ƙofofi kusa: a ƙasar Benin maƙwabciyarmu akwai cibiyar lissafi da fizik da aka kafa a 1988, wadda ke garin Dangbo, a Senegal kuma an buɗe cibiyar AIMS a 2011.

Akwai kuma wahala. Shekarar farko ita ce mai kā da mutane, don a lise malami yana bin ɗalibi, a jami'a kuwa ɗalibi ke bin karatu. Kuɗin tallafin gwamnati ba kowa ke samunsa ba, wanda ya samu ma ba ya biyan dukan buƙata. Ga ɗaki, ga abinci, ga takardu, ga kuɗin mota. Yaron da ya shiga don kawai a ce yana jami'a ba zai jure ba. Wanda zai jure shi ne wanda in lissafi ya gagare shi yau, gobe da asuba ya koma kansa.

Abin da iyaye za su yi

Na ɗaya, ku je ku ga malamin lissafin yaronku na lise, ku tambaye shi gaskiyar ƙarfin yaron. Na biyu, ku zauna da yaron ku rubuta kuɗin da zai ci a shekara, ku riɓa da 3, don ku san nauyin tun ba a ɗauka ba. Wannan lissafi kun koye shi a aji, ranar amfaninsa ke nan. Na uku, ku tambaye shi abin da yake nufin yi bayan lisans. Na huɗu, kada ku bambanta. In ɗiyarku mace ce ke da kan lissafi, ku bar ta ta shiga sashen C, ku rage mata aikin gida lokacin jarabawa.

Ku kuma iyayen ƙananan yara, aikin daga yanzu yake farawa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku buɗe littafin lakwal na ɗanku da dare, ku sa shi ya lissafa muku tiya nawa ke cikin buhu, ko ribar da aka samu ran kasuwa.

Dattijon nan ya saurare ni har ƙarshe. Washegari ya zo aji da takarda, ya rubuta kuɗin shekara uku da hannunsa, ya ce rago biyu ba za su isa ba, amma in damina ta yi kyau zai ƙara da wake. Ya kuma gaya mini ya gwada rijiyar gonarsa da tsakuwa, ya samu sakan 2, igiyarsa kuwa gaba 11 ce da ɗan ɗori. Ya ce: "Malam, ashe abin nan ba ƙarya ba ne."

Aikinku na wannan mako: kowane aji ya auna rijiya ɗaya da agogo, sa'an nan ya auna ta da igiya, a rubuta lambobin biyu a kai wa malami. A yi hattara da yara a bakin rijiya, kuma a wanke tsakuwar kafin a sake ta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.