Wa Zai Shaida Kin Iya Ɗinki?

'Yan'uwana mata, a Isa da Sabon Birni da wuya ki ratsa unguwa ba ki ji ƙarar keken ɗinki ba. Yarinya ta yi 'yan watanni wajen koyo, a yi bikin yaye, a miƙa mata keke, shi ke nan ta zama tela. Amma ran da aka kawo mata atamfar amarya, ta yanka hannu ɗaya ya ɗara ɗaya, daga ita har mai kaya sai kuka.

Abin da aka rasa shi ne ma'auni. Yadda ba a sayar da gero sai da mudu, haka sana'a ma take da mudunta. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa mace jaji, ta ba ta malfa, sannan ta tura ta koyar da mata a ƙauyuka, don kowa ya san an yarda da saninta.

Yau mudun yana hannun hukuma. Hukumar NBTE, mai hedkwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara abin da ya wajaba ɗalibin makarantar fasaha ya iya. Hukumar NABTEB kuwa, tun 1992, ita ke shirya jarrabawar sana'o'i, har da ɗinkin tufafin mata da girke-girke. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya kuma tana gwajin sana'a hawa uku, watau aji na uku, na biyu, sannan na ɗaya, wanda ya fi daraja. A 2013 gwamnatin tarayya ta amince da wani tsari wanda ko a gida kika koyi sana'a, mai gwaji zai dubi aikin hannunki ya auna shi. Gani ya kori ji.

Kada ki ce ina ruwanki da takarda tun da makwabta sun san aikinki. Tun daga 2019 'yan bindiga sun tilasta wa iyalai da yawa na wannan yanki barin gida, wasu zuwa Sakkwato, wasu har jihar Maradi a Nijar. Wadda ta bar garinsu ta bar masu shaidarta. A baƙon wuri, takarda ce ke fara yi mata magana.

To, uwa, kafin ki biya kuɗin koyo, tambayi malama: in 'yata ta gama, za ta iya awon jiki, ta yanka yadi ba tare da ɓarna ba, ta sa zif, ta gyara keke in ya cije, ta lissafa kuɗin aikinta? Kuma wa zai gwada ta?

Ke kuma 'yar makaranta, kada ɗokin bikin yaye ya ɗauke miki hankali. Ki nace sai an gwada ki, kin ci.