Shin Ko Kun San? Rauni Ma Suna Suka Tara a Ingilishi

Shin ko kun san akwai kalmar da ke kada ɗaliban Maraɗi, saboda sun fara da Faransanci kafin Ingilishi? Ita ce enervate. Mai Faransanci na jin ta zai tuna da énerver, wato a hasala mutum. To, a Ingilishi ba haka ba ne! Nufinta a kashe wa mutum jiki. Tushensu ɗaya a Latin: cire jijiya. Kun ji ikon Allah!

Ga wata. Sap na nufin cin ƙarfin abu a ɓoye, sannu a hankali. Daga ina ta fito? Daga sojojin da ke haƙa ƙarƙashin ganuwa har ta rufta. Ku riƙe baki: danginsu ɗaya da sapeurs-pompiers, ƴan kwana-kwana!

Kalmar wane fa? Ku ɗaga kai sama. Wata ya cika, sai ya soma raguwa dare bayan dare, a zagayensa na kwana 29 da rabi. Wannan raguwar ita ce. Mulki ma yana yin ta, farin jini ma haka.

Wither ta ganye ce. Zogalen lambunan Jiratawa ya rasa ban ruwa, ya yi yaushi, ya bushe. Shi ke nan!

Dwindle kuwa ta yawa ce, ba ta ƙarfi ba. Gulbin Maraɗi da ke wucewa ta Tsibiri, bayan damina, yau ƙasa da jiya, gobe ƙasa da yau, har rairayi ya bayyana. Hatsin rumbu ma haka yake yi da bazara.

Kun san flag tuta ce. Amma kun san tana nufin sarewa? Ɗan kokowa ya shiga fili da zafi, can sai ƙafa ta fara rawa. Kalma ɗaya, aiki biyu!

Sai atrophy, daga Girkanci, rashin ciyarwa. Tsokar da ba a mora sai ta shanye. Shi ya sa ƴan sama jannati ke motsa jiki kusan awa 2 kowace rana a tasharsu ta sararin samaniya. Kowace rana fa!

Kalmomi 7 ke nan, kowace da gurbinta. Ku gwada su a kan abokin da ke cewa ya ƙware a Ingilishi, ku fara masa da enervate!