Samar da Wutar Lantarki Daga Ƙoramar Gona

Gabatarwa

A cikin shekarar 1878 wani attajirin injiniya na ƙasar Ingila, Lord Armstrong, ya sa aka tare ruwan wani rafi da ke cikin gandunsa na Cragside, aka sako shi kan farfelar ƙarfe, farfelar ta juya janareta, janareta kuma ta kunna fitila a cikin gidansa. Wannan gida shi ne ake lasaftawa na farko a duniya da aka haskaka da lantarkin ruwa. A Nijeriya ma ba gwamnati ce ta fara wannan aiki ba. Masu haƙar kuza ne a ƙasar Jos suka kafa tashar Kwall a 1923, watau shekara 45 kafin a gama madatsar Kainji a 1968. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya gina ta Kurra, ya ci gaba da sayar da wutarsa har a zamanin da NEPA ke riƙe da sauran ƙasa.

Saboda haka ba baƙon abu ba ne mai gona ya dubi ƙoramar da ta ratsa filinsa ya yi tunanin samun wuta daga gare ta. Amma akwai tambayoyi uku da ya wajaba ya amsa kafin ya kashe ko kwabo: wuta nawa ƙoramar za ta iya bayarwa, a wane wata na shekara, kuma da iznin wa?

Inda Ƙarfin Yake

Mutane da yawa sun ɗauka gudun ruwa shi ne ƙarfinsa. A gaskiya abu biyu ne ke haɗuwa su ba da ƙarfi: yawan ruwan da ke wucewa a kowane sakan, da kuma tsawon gangaren da zai faɗo. A ninka litar ruwan da ke wucewa a sakan ɗaya da tsawon gangaren a mita, sa'an nan a ninka da 9.8, abin da ya fito shi ne ƙarfin ruwan a ma'aunin wat. Manyan tashoshi na zamani sukan ci moriyar kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarfi. Ƙaramar tasha kuwa takan yi hasarar kimanin rabi a cikin bututu da farfela da janareta da waya. Don haka a aikace a ninka lita da mita, a ninka da 5.

Alal misali, ƙoramar da ke ba da lita 20 a sakan, mai gangaren mita 10, za ta ba da wat 1,000, watau kilowat 1. A ido wannan kaɗan ne, bai fi ƙarfin doki ɗaya da sulusi ba. Amma ruwa ba ya barci. Kilowat 1 dare da rana ya zama awon wuta 24 a kullum, kuma kafin a sami haka daga farantan hasken rana sai an kafa na kilowat 5 ko 6, tare da batura masu tsada da za su riƙe wutar dare. Kilowat 1 ya isa ya kunna ƙwayayen fitila 60 na zamani masu wat 10, da firjin ajiye magani, da cajin wayoyin unguwa guda.

Wannan lissafi shi ne ke bayyana dalilin da ya sa babban kogi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake yaudarar ido. Ruwan da ke gudun mita 1 a sakan, ƙarfinsa daidai yake da na ruwan da ya faɗo daga tsawon santimita 5 kacal. In aka tsoma farfela mai faɗin murabba'in mita guda a cikinsa, da ƙyar za a sami wat 200. Siririn rafin da ke gangarowa daga dutse ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Yadda Ake Awo

Awon yawan ruwa ba ya bukatar kayan waje. In ƙoramar ƙarama ce, sai a tare ta da buhunan yashi, a tattara ruwan cikin bututu ɗaya, a tara duro mai lita 200, a duba agogo. In ya cika a sakan 10, lita 20 ke nan a sakan. In ta fi ƙarfin duro, sai a zaɓi wuri miƙaƙƙe, a auna faɗi da zurfi, a jefa kara a ga sakan nawa zai yi kafin ya ci mita 10. Abin da ya fito a rage masa kamar kashi ɗaya cikin biyar, ko fiye in ƙasan duwatsu ne, domin ruwan sama ya fi na ƙasa sauri.

Awon gangare kuwa, tiyon roba mai ruwa a ciki, irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ya wadatar. Ana bin gangaren mataki mataki daga inda za a ɗebi ruwa zuwa inda za a kafa inji, ana tara abin da aka samu. Tsawon da ake nema shi ne na tsaye, daga sama zuwa ƙasa, ba nisan tafiya a ƙafa ba.

Kayan Aiki

Irin tashar da ta dace da mai gona ba ta bukatar babbar madatsa. Ɗan shingen siminti ne ake yi a ƙoramar, ya karkatar da wani kashi na ruwan zuwa magudana. Ruwan ya bi ta ragar ƙarfe mai tare ganye da itace, ya shiga wani ɗan tafki inda yashi zai kwanta, domin yashi yana cin farfela kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Daga nan ya shiga bututu ya gangara ɗakin inji, ya juya farfela, ya fita ya koma ƙoramarsa ba tare da ya ragu ba.

Bututu yakan cinye kaso mai yawa na kuɗin aikin, kuma a nan ne masu tsimi ke yin kuskure. In aka rage faɗin bututu da rabi, ƙarfin da ke salwanta a cikinsa yakan ninka kusan sau 30.

Farfela iri iri ce, kowace da wurin da ta dace da shi. Wadda Lester Pelton na Amurka ya yi wa rajista a 1880 tana da cokula a gefenta, ruwa yana feso su da ƙarfi. Ta dace da dogon gangare mai ruwa kaɗan. Ta Viktor Kaplan na Ostiriya, ta 1913, kamar farfelar jirgin ruwa take, tana son ruwa mai yawa da gajeren gangare. Tsakaninsu akwai wadda ake kira Banki, mai siffar ganga, wadda ruwa ke ratsa fukafukanta sau biyu. Ita ce ta fi sauƙin ƙira, domin ana iya yanka fukafukanta daga bututun ƙarfe a haɗa da walda. A ƙasar Nepal ƙananan maƙeru sun daɗe suna ƙera ta don ƙauyukan kan duwatsu, kuma ba abin da ke cikinta da ya fi ƙarfin maƙeran Panteka ta Kaduna.

Abu na ƙarshe shi ne na'urar daidaita wuta. Ruwa yana zuwa bai ɗaya, amma bukatar gida tana hawa da sauka. In aka kashe fitilu, janareta za ta ƙara gudu, wuta ta hau ta ƙone kaya. Na'urar takan karkatar da rarar zuwa abin dafa ruwa, injin ya ci gaba da juyawa a kan ƙa'ida.

Matsalar Rani

A nan ne batun ya yi wa ƙasar Hausa tsauri. A Kano da Katsina da Sakkwato, ruwan shekara kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ƙasar kuma shimfiɗe take. Ƙoramar da ke cin mutum a Agusta takan zama yashi tun kafin Janairu. Ko kogin Kano bai zama mai gudu shekara zagaye ba sai bayan gina madatsar Tiga a 1974. Wanda ya yi awo da damina ya sayi inji, zai yi wata bakwai yana kallon ƙarfe. Awon da ake dogara da shi shi ne na Maris ko Afrilu, kuma ya fi kyau a maimaita shi shekara biyu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuraren da aikin ya fi karɓa su ne masu tudu da dogon damina: tsaunukan Jos, masu tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, inda ruwan Assop yake; kudancin Kaduna wajen Matsirga kusa da Kafanchan; Farin Ruwa a jihar Nasarawa; da tsaunin Mambila. A Mambila ɗin, tashar Tunga mai kilowat 400, wadda hukumar UNIDO ta taimaka aka gina, an yi ta ne don ta ɗauke wa masana'antar shayi ta Kakara nauyin man gas. A can arewa kuwa, gangaren da ake iya samu duk shekara yana kan magudanan noman rani ne, waɗannan kuma na hukumomin raya koguna ne, ba na mai gona ba. Ga yawancin manoman wannan yanki hasken rana ya fi ruwa riba.

Haƙƙi da Doka

Mallakar fili ba mallakar ruwan da ya ratsa shi ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, mai gona yana da haƙƙin zama da amfani. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya. Ta yarda mutum ya ɗiba kyauta don gida da dabbobi da ban ruwan gonarsa, amma tare ruwa ko karkatar da shi don kasuwanci sai da lasin. A ɓangaren wuta kuwa an sassauta: Dokar Lantarki ta 2023 ba ta neman lasin ga wanda zai samar da abin da bai wuce megawat 1 ba, ko ya rarraba abin da bai wuce kilowat 100 ba.

Bayan dokar gwamnati akwai haƙƙin maƙwabci. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa ruwa mai gudana mutane sun yi tarayya a cikinsa, na sama ya amfana ya saki ga na ƙasa. Tsakanin shinge da ɗakin inji ƙoramar takan ragu, kuma wataƙila a nan ne mashayar shanu take, ko lambun wani, ko wurin wankin mata. Lalle ne a bar wani kashi na ruwan yana bin hanyarsa, musamman da rani. Haka kuma ruwan da aka tare ya kwanta yakan tara sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, shinge mara ƙarfi kuma yana iya ɓallewa da damina ya yi ɓarna a gonakin ƙasa.

Kammalawa

Aikin da ya rage na ma'aikata ne da ɗalibai. Akasarin ƙananan ƙoramu ba su da rubutaccen awo, kuma ba injiniyan da zai iya ba da shawara ta gaskiya ba tare da shi ba. Malamin gona ko ɗalibin da ya ɗauki duro da agogo da tiyo, ya auna ƙorama ɗaya sau ɗaya a wata har shekara biyu, ya ajiye lissafin a ofishin ƙaramar hukuma, ya yi wa mai gona hidima babba: ko dai ya nuna masa wutar da ke wucewa ta bayan gidansa, ko ya hana shi zuba dukiyarsa a rafin da zai ƙafe. Allah Ya sa a dace.