Shuka lafinta daga iri: abin da za mu sani kafin mu taɓa kuɗin akwati

Iyayena mata da yayyena, lafinta ba baƙon suna ba ne a wurinmu. Tun zamanin kakanninmu ake kiran wani turaren kwalba da wannan suna. Yau kuma ƙamshinta ya shiga sabulu, man shafawa da ruwan goge ɗaki. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, lafinta tsiro ce mai rai, ana shuka ta kamar yadda ake shuka ɗaɗɗoya. A ƙungiyoyin da nake zagayawa, mata masu haɗa sabulu da turaren wuta sukan tambaye ni ko za ta yi a tsakar gida. Amsata ita ce a gwada, amma da ɗan abin hannu, ba da rancen akwati ba. Zan bayyana yadda ake shuka ta, kuma daga bayanin za ku ga dalilin wannan shawara.

Wace irin tsiro ce?

Lafinta ƙaramar shuka ce da ke yin curi, tsayinta bai cika wuce gwiwa ko cinya ba. Ganyenta siriri ne mai launin toka-toka, furenta kuma shunayya ne, yana fitowa a jere kan dogon kara. Danginsu ɗaya da ɗaɗɗoya da na'a-na'a, shi ya sa idan kika murza ganyen sai ƙamshi ya tashi.

Asalinta duwatsun ƙasashen da ke bakin tekun Bahar Rum ne, wato kudancin Faransa, Sifen da Italiya. A yau Faransa da Bulgariya su ne manyan masu noman ta don mai. Yanayin can ya saɓa da namu. Suna da sanyi mai ƙarfi, kuma lokacin zafinsu busasshe ne, ƙasarsu tsakuwa ce da ba ta riƙe ruwa. Mu kuwa zafinmu da ruwanmu suna haɗuwa a damina. To, duk wahalar lafinta a wurinmu daga nan take. Ba ta tsoron ƙishirwa sosai idan ta girma. Abin da ke kashe ta shi ne saiwarta ta zauna cikin laima.

Zaɓen iri

Ki duba sunan da ke jikin takardar irin. Wanda aka rubuta Lavandula angustifolia shi ne ya fi ƙamshi mai daɗi, amma shi ne ya fi son sanyi. Lavandula dentata da Lavandula multifida sun fi jure zafi, duk da ƙamshinsu bai kai na farkon ba. Akwai kuma wadda ake kira lavandin. Ita haɗin iri biyu ce, ba a samun irin shuka daga gare ta, da reshe ake yaɗa ta. Duk wanda ya ce zai sayar miki da irin lavandin, ki riƙe kuɗinki. Kada kuma ki sayi irin da aka zuba a leda ba suna ba kwanan wata, don tsohon iri ba ya tsira da kyau.

Sanyaya iri

A ƙasarta, irin yakan faɗi ƙasa ya kwana cikin sanyi na tsawon watanni kafin ya farka. Masu lambu suna kwaikwayon wannan. Ki jiƙa tsumma mai tsabta ki matse shi, ki zuba irin a kai, ki ninke, ki sa a leda. Sai a ajiye a firiji mako 3 zuwa 4, a ɓangaren da ake sa kayan miya, ba inda ake yin ƙanƙara ba. Sanyin randa bai kai ba. Idan babu firijin da ke aiki kullum a kusa, ki shuka haka nan a tsakiyar hunturu, amma ki sa ran waɗanda za su tsira za su ragu.

Ƙasa da shuka

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa farkon Janairu, saboda irin ya fi son tsira a digiri 18 zuwa 21 na ma'aunin zafi, kuma sanyin dare da safiya na hunturu ne ya fi kusa da haka.

Ki samu kasko ko tsohuwar roba mai faɗi, ki huda ƙasanta wuri da yawa. Ki haɗa yashi kashi biyu da ƙasar lambu kashi ɗaya, ki tankaɗe. Kada ki sa ɗanyen taki, kada ki sa takin zamani. Lafinta ta saba da ƙasa mara ƙarfi.

Irin ƙanana ne baƙaƙe masu sheƙi, kuma suna buƙatar haske kafin su tsira. Don haka ba a binne su kamar gero. Ki jiƙa ƙasar tukuna, ki jera irin a sama, ki danna da yatsa a hankali, sai ki barbaɗa yashi kaɗan, wanda da ƙyar zai rufe su. Ki ajiye inda akwai haske amma ba ranar tsaka mai ƙuna ba, kuma inda kaji da awaki ba za su kai ba.

Ban ruwa

A nan ne yawancin masu farawa ke asara. Kada ki kwarara ruwa da buta, zai wanke irin. Ki huda murfin gorar roba da allura ki riƙa yayyafawa, ko ki ɗora kaskon cikin faranti mai ruwa na ɗan lokaci ƙasar ta sha daga ƙasa, sai ki ɗauke. Ƙasar ta kasance da damshi kamar tsumman da aka matse, ba caɓi ba.

Tsirowa na ɗaukar mako 2 zuwa 4, wani lokaci ya haura wata, kuma ba tare suke fitowa ba. Kada ki zubar da kaskon don kin ga mako biyu shiru. Idan sun fito, ki rage ruwa, ki bari saman ƙasar ya ɗan bushe kafin ki ƙara. Idan kika ga tsiro ya yi baƙi a gindi ya kwanta, ruwa ya yi yawa ko iska ba ta ratsawa. Ki cire wanda ya mutu nan take kada ya shafi sauran.

Dashe da reno

Bayan wata 2 zuwa 3, idan tsiron ya kai tsawon yatsa, ki mayar da kowanne tukunyarsa. Tukunyar ƙasa ta fi roba, domin tana numfashi, tana kuma sanyaya saiwa. Ki huda ta, ki zuba tsakuwa ko fasasshen kasko a ƙasa. Ɗan tsunkulin toka a cikin ƙasar yana da amfani, amma kada ya wuce haka.

Tana son rana kamar awa 6 a yini. A bazara, Afrilu da Mayu, ki bar mata ranar safe, ki janye ta inuwa da azahar. Idan damina ta kankama, musamman a Agusta, ki mayar da tukwanen ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa amma ruwan sama ba ya zuba a kansu. Wannan shi ne amfanin tukunya a kan shuka a ƙasa: ana iya ɗauke ta. Mata na wurare masu tudu da sanyi irin su Jos sun fi mu sa'a da zafi, amma su ma dole su kare ta daga ruwa.

Yanzu mu zo ga lissafi

Tsarin adashen akwati da muke bi ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991. Ƙarfinsa shi ne kuɗi su fita su dawo da wuri. Rance ana biyansa cikin watanni kaɗan, kuma kafin shekara ta zagayo an fasa akwati an raba. Lafinta da aka shuka daga iri kuwa yawanci sai a shekara ta biyu take fure sosai, in ma ta tsallake bazara da damina. Kun ga ranar biyan bashi za ta zo tukunya ba ta ba da ko sisi ba. Mai rance ta shiga kunya, 'yan uwanta kuma kuɗinsu ya maƙale.

Batun mai kuma, kada a ruɗe mu. Kafin a samu kilo ɗaya na man lafinta sai an tara fure kamar kilo 100 ko fiye, kuma sai da injin da ke tace shi da tururi. Ba aikin tukwane biyar ba ne. Abin da za a iya samu a gida shi ne busasshen fure. Ana yanke karan idan furen ya fara buɗewa, a ɗaure dami ƙanana, a rataye kai ƙasa a inuwa mako 1 zuwa 2. Sai a ɗinka shi a 'yar jaka a sa cikin kayan sawa, ko a zuba a sabulun da muke haɗawa. Man da ake saya a kwalba kuwa ba a sha, kuma a nisanta shi daga yara.

Shawarar da nake ba kowace ƙungiya ita ce, idan kuna sha'awa, mata biyu ko uku su haɗa kuɗin takardar iri guda daga aljihunsu, kowacce ta reni tukwane kaɗan. A rubuta ranar shuka, nawa suka tsira, nawa suka kai ƙarshen damina, a karanta wa taron mako. Idan ko guda ɗaya ta rayu ta yi ƙarfi, an wuce wahalar iri. Sai a yanki reshe mai tsawon yatsa wanda ba shi da fure, a cire ganyen ƙasa, a kafa a yashi mai damshi, cikin mako 4 zuwa 6 zai yi saiwa. Ta haka kowace mace za ta samu tata ba tare da ta sake saye ba.

Rancen akwati kuwa a bar shi ga abin da muka san yana juyawa: alayyahu da ake yanka cikin wata guda da 'yan kwanaki, yakuwa, ɗaɗɗoya, na'a-na'a. Hannun da ya koyi renon lafinta, wato shuka a sama, yayyafi da rage ruwa, zai ga irin ɗaɗɗoya ya zo masa da sauƙi, don shi cikin kwana 5 zuwa 10 yake tsira. Sannu ba ta hana zuwa. A fara da tukunya, a jira damina ta wuce, sannan ƙungiya ta zauna ta duba littafin ta yanke shawara.