Ba kowane sambatu ne hauka ba

Yawanci da dare ake kawo su Babban Asibitin Kafin Hausa: saurayi ɗaure da igiya, 'yan uwa sun rirriƙe shi, yana ihu wai ana binsa za a kashe shi. Kafin a iso nan an yi ruƙiyya, an yi turare, an sha rubutu. Bayanin da ake yi wa ma'aikatan jinya bai wuce cewa iska ce ta buge shi ba.

Likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa musu a kan aljanu. Abin da yake son ji shi ne yaushe lamarin ya fara. Wanda jiya yake gona lafiya lau, yau kuma bai san inda yake ba, bai gane mahaifiyarsa ba, jiki zafi rau, hankali na zuwa yana tafiya, to ciwon jiki za a fara nema. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa yana kawo haka. Faɗuwar sukari a jini ma haka, kuma ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gano ta cikin minti guda. Ga sanƙarau, wanda a 2023 ya fi kama mutane a Jigawa fiye da kowace jiha. Irin wannan majiyyaci, idan aka yi masa allurar barci aka tafi, yana iya rasuwa kafin asuba.

Mai taɓin hankali na ainihi daban yake. Ya san garinsu, ya san ranar kasuwa, amma yana jin muryoyin da babu wanda ke ji, ko ya kafe cewa ana zuba masa guba a tuwo. Sau da yawa watanni aka yi yana janye jiki daga mutane, gida ba a lura ba. Dole kuma a tambayi batun shan tiramol da wiwi da kodin, ko da iyaye za su ji kunya. An haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma bai ɓace ba.

Mai jego ce abin tsoro. Mace ɗaya ko biyu cikin dubu kan rikice bayan haihuwa, galibi cikin makonni biyun farko, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jinjiri.

Da baki ake fara kwantar da mai fisge-fisge: a rage taron 'yan kallo, mutum ɗaya ya yi magana a hankali, a kawar da wuƙa da kwalba. Sai abin ya faskara ake allurar haloperidol ko chlorpromazine, daga baya a tura shi asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau a Kano. Mari da bulala ba magani ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin waɗannan majiyyata.

Akwai abin da ya kamata a gaya wa dangi tun a asibiti. Haloperidol kan sa wuya ya murɗe, ido ya juye sama, harshe ya fito. Masu jinya na ganin haka sai su ce aljanin ya dawo, su watsar da magani. Illar maganin ce, kuma likita na da allurar da ke warware ta cikin mintuna.