Abin da ke rage wa bindigar iska mai faffaɗan baki ƙarfi

Bindigar iska mai faffaɗan baki ita ce wadda faɗin bututunta ya kai inci 0.30 zuwa sama, har 0.45 ko 0.50. Ba albarushi ke tura harsashinta ba, iska ce da aka matse a cikin tukunyar ƙarfe. Dabarar tsohuwa ce: wajen 1779 Bartolomeo Girandoni ya ƙera irinta, sojojin Ostiriya kuma suka riƙe ta daga 1780 zuwa wajen 1815. Na zamani sun haɗa da Texan ta kamfanin AirForce na Amurka, wadda ta fito a 2015, da ƙirar Sam Yang ta Koriya ta Kudu. A Gombe maharba sun fi sabawa da bindigar toka da ƙaramar bindigar iska ta harbin tsuntsu, amma doka ba ta ɗauki ko ɗaya abin wasa ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin 'yan sanda.

Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Ana cika tukunya har matsin iska ya kai bar 200 ko fiye. Da an ja kunama sai sifirin ya tura guduma, gudumar ta doki bawul, bawul ya buɗe na ɗan ƙiftawar ido, iska ta bi bayan harsashin dalma ta fitar da shi. Duk raunin gudu daga ɗayan waɗannan gaɓoɓi yake fitowa.

Kunne ba ya auna gudu, ƙarar harbi ma tana ruɗi, don bindigar da ke ɓarnar iska ta fi kowace amo. Abin dogaro shi ne na'urar auna gudun harsashi. A cika tukunya, a yi harbi a jere da dalma iri ɗaya, a rubuta gudun kowane harbi da matsin da agogon tukunya ya nuna. Ƙaramin bambanci ba abin rainawa ba ne: idan gudu ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin duka yana raguwa da kashi 19. Wannan ne ke raba dabbar da ta faɗi nan take da wadda ta gudu daji da rauni.

Mafi yawan lokaci laifin na matsin iska ne, kuma ta fuskar da ba a zata ba. Mai bindiga yakan ɗauka ƙarin iska ƙarin ƙarfi ne, sai ya cika tukunya ya wuce ƙa'idar da kamfani ya rubuta. Alhali iskar da ke cikin tukunya ita ce ke danne bawul ta rufe shi. Idan ta yi yawa, guduma ba ta iya buɗe shi sosai, kamar mai tura ƙofa iskar hadari na turo ta daga waje. Alamar a bayyane take a takardar awo: harbin farko ya fito da rauni, na biyu ya ɗara shi, na uku ya fi su duka, sannan gudu ya fara sauka. Maganinsa rage cikawa zuwa matsin da gudu ya fi kyau, ba taɓa ko da kusa ɗaya ba.

Yanayin Gombe yana da hannu a nan. Matsin iska a rufaffiyar tukunya yana hawa da zafi, yana sauka da sanyi. Tukunyar da aka cika bar 200 da safe, zafi na digiri 20, idan aka bar ta a mota cikin ranar Maris ko Afrilu har cikin motar ya kai digiri 50, matsinta zai kai wajen bar 220. Bawul ya ƙi buɗewa sosai, mai ita ya ce bindiga ta lalace. A hunturu kuma abin ya juya: wadda aka cika da rana, da asuba agogonta ya sauka ba tare da ta yi yoyo ba. Cikawa da gaggawa ma tana ɗumama iska, in ta huce matsi ya ragu, don haka ake cikawa a hankali, a jira, a ƙarasa.

Injin mai faci ba zai cika wannan tukunya ba. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take sha, injin kuma da wuya ya wuce bar 10. Sai famfon hannu na musamman, ko injin da aka yi don haka mai matatar cire danshi. Tukunyar oksijin ta masu walda kuwa kada ma a kusance ta. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo yana kamawa da wuta, tukunya ta tarwatse a hannun mai ita.

Idan matsi daidai yake amma gudu bai dawo ba, sai a nemi yoyo. Agogon da ke sauka cikin dare alamar robar zobe ce ta bushe ko ƙura ta zauna a bakin bawul, ƙurar hunturu kuwa ba ta barin ramin cikawa in ba a rufe shi ba. Kumfar sabulu a mahaɗai tana tona wurin. Akwai kuma yoyon da ba ya bayyana sai lokacin harbi, a inda ake sa dalma: a ɗora 'yar takarda mara nauyi a wurin, in ta tashi robar ta mutu. Man silikon kaɗai ake shafa wa waɗannan robobi, ban da man inji.

Dalmar ma a duba ta. Mai nauyi dole ta fi mara nauyi jinkiri, wannan ba ciwo ba ne. Wadda ta yi wa bututu kaɗan iska na wuce ta gefenta, wadda ta yi yawa tana cijewa, ragowar dalma da ta manne a cikin bututu kuma tana ƙara gogayya har sai an goge.

Sifirin guduma shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ake fara zargi. Yakan saki da tsufa, maiƙo da ƙura kuma sukan daskare a hanyar guduma su rage mata gudu, wanda gogewa kawai ke warwarewa. A bindigar da ke da kusar daidaitawa, ana ƙara ɗaurin kaɗan-kaɗan, ana aunawa bayan kowane juyi. Akwai inda ƙarin ɗauri ba ya ƙara gudu, sai ƙara da cin iska, harbi biyar ya koma uku. Nan ake tsayawa a ɗan koma baya. Wanda ya canja abu biyu a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Buɗe bawul ko kwance tukunya aikin gwani ne, kuma ba a farawa sai an fitar da iskar duka, agogo ya nuna sifiri.